Bin Sawun Wuta a Jikin Babur

Duk wanda Allah ya hore wa ƙaramin babur, ko na zuwa wurin aiki ne, ko na kai hatsi kasuwar ƙauye, ko kuwa na haya wanda ake ci da iyali da shi, ya san wata irin safiya da ba ya ƙaunar tunawa da ita: ya sallaci asuba, ya karya kumallo, ya fito da abin hawansa daga zaure yana gaggawa, ya murɗa makulli ya taka kik sau ɗaya, sau biyu, sau goma, har gumi ya keto masa, yara suka taru suna kallo, babur kuwa ya yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. A irin wannan hali ne masu ba da fatawa suke yawaita, domin kowane mai wucewa yana da abin faɗi. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce kabreta ce ta toshe, wani kuma ya rantse da girman Allah cewa ɗan baƙin akwatin nan da makanikai ke kira CDI ne ya ƙone, alhali kuwa a cikinsu duka babu wanda ya sunkuya ya dubi komai. Mai babur, da yake hankalinsa ya rabu biyu tsakanin aikin da ya makara da aljihun da bai cika ba, sai ya tura shi gareji, a shiga sauya kaya ɗaya bayan ɗaya bisa zato, har kuɗin cefanen mako ya ƙare, illar kuwa tana nan daram inda take.

Shi injin babur ba ya tashi sai sharuɗɗa uku sun haɗu a lokaci guda, kuma rashin ɗaya daga cikinsu ya isa ya ɓata sauran biyun. Na farko shi ne fetur gauraye da iska gwargwadon ƙima, wato kimanin kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur idan aka auna da nauyi; na biyu shi ne matsi, yadda fistin zai danne wannan gaurayen a ƙuntataccen wuri; na uku kuwa shi ne tartsatsin wuta da zai kunna shi a daidai lokacin da ya kamata, ba kafin nan ba, ba kuma bayan nan ba. A kan wannan tsari na shaƙa, da matsawa, da fashewa, da fitar da hayaƙi, wanda wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya daidaita a shekarar 1876, galibin baburan da ke yawo a titunanmu suke tafiya har yau. Saboda haka kafin mutum ya tuhumi wuta, wajibi ne ya wanke sauran biyun daga zargi, kuma wannan ba ya cin minti biyar. Ya leƙa tanki, ya tabbata famfon mai da ke ƙarƙashinsa a buɗe yake, ya sassauta 'yar kusar da ke gindin kabreta ya ga ko mai na zubowa, kuma ko man ba gauraye yake da ruwa ba, musamman idan a bakin hanya aka saye shi cikin kwalba. Sa'an nan ya taka kik a hankali ya ji: in ƙafarsa ta gamu da turjiya, to akwai matsi, in kuwa ta zarce ƙasa salalam kamar an taka tsumma, to maganar ta fistin ce ko ta bawul, ba ta wuta ba.

To, daga ina wannan wuta take fitowa? Asalin hikimar ya koma ga abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a shekarar 1831, cewa idan maganaɗisu, wanda muke kira mayen ƙarfe, ya gilma kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan motsa a cikin wayar. A gefen hagu na injin akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi wanda aka liƙa wa maganaɗisu a cikinsa, yana juyawa tare da injin, a tsakiyarsa kuma akwai naɗe-naɗen wayar tagulla da ba sa motsi. Wannan duka shi ake kira maganeto. Da mutum ya taka kik, faifan ya juya, sai ɗaya daga cikin naɗe-naɗen nan ya haifi lantarki ya aika wa CDI, shi kuwa ya tara shi ya riƙe, yana sauraron izini. Mai ba da izinin wani ɗan mitsitsin kwayil ne da ke gefen faifan, wanda duk lokacin da wani ɗan tudu na jikin faifan ya wuce ta gabansa sai ya aika da ishara cewa fistin ya kusa kai ƙololuwa. Nan take CDI ya saki abin da ya tara zuwa ga babban kwayil da ke ƙarƙashin tanki ko ƙarƙashin kujera, wanda aikinsa shi ne ya ɗaga ƙarfin wutar daga 'yan ɗaruruwa zuwa fiye da bolt 10,000, bisa ma'aunin da aka ce wutar gidajenmu bolt 230 ce. Daga nan ta bi waya mai kauri, ta shiga hular fulogi, ta gangara cikin fulogi, ta yi tsalle ta ƙetare wani ɗan gibi wanda bai kai milimita ɗaya ba, sa'an nan ta bi jikin injin ta koma inda ta fito. Kuma abin al'ajabi, a galibin waɗannan ƙananan injuna duk zagaye ɗaya na faifan tartsatsi ɗaya ne, saboda haka idan injin yana juyi 6,000 a minti, fulogi yana ƙyasta wuta sau 100 a kowace daƙiƙa, ba fashi.

Ba don in haɗa abu mai alfarma da ƙarfe ba, sai don misali ya kusanto da ma'ana: malaman hadisi idan riwaya ta zo musu ba su kan yi mata hukunci da ka, sai sun bi mazajen isnadinta ɗaya bayan ɗaya, sun san wa ya karɓa daga wa, sun kuma gano a kan wane mutum ne silsilar ta yanke. Haka wutar babur take. Hannu bakwai ko takwas take bi kafin ta isa fulogi, kuma idan ba ta iso ba, aikin mai bincike shi ne ya gano a hannun wa ta tsaya. Tartibin da hankali ya yarda da shi kuwa shi ne a faro daga ƙarshen silsila a yi baya, domin abubuwan da ke ƙarshen su ne mafi arha, mafi sauƙin kaiwa gare su, kuma su ne suka fi yawan lalacewa.

Fulogi ke nan a farko, kuma shi ne shaidan da ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a cikin injin, tun da a can yake kwana yake tashi. A cire hularsa, a share ƙurar da ke kewaye da shi don kada ta faɗa ciki, a kwance shi da sifanarsa, sa'an nan a dubi bakinsa da idon basira kafin a goge komai. In bakin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar gyaɗar da aka soya daidai, to injin lafiya lau yake ƙona mansa. In ya yi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya irin ta gindin tukunya, to mai ya rinjayi iska, kuma a ƙasarmu galibi laifin soson tace iska ne wanda ƙurar hunturu ta cushe, ko cok da aka manta a ja. Ita kuwa kunkunniyar nan tana ɗaukar lantarki, sai wuta ta silale ta bi jikinta maimakon ta yi tsalle. In baƙin mai maiƙo ne yana ƙyalli, to baƙin mai yana haurowa ta ringin fistin, kuma ko fulogi goma aka saya haka za su koma sai an gyara ringin. In ya yi fari fat kamar toka, to injin yana zafi fiye da ƙima, ko mai ya yi masa kaɗan, ko kuma an sa masa fulogin da ba nasa ba. In kuwa an same shi sharkaf da ɗanyen fetur, wato abin da ake cewa babur ya sha mai, to wannan hujja ce cewa mai yana isowa amma ba abin da ke kunna shi. Busasshen fulogi bayan an taka kik sau goma kuwa yana nuni zuwa ga kabreta.

Bayan dubawa sai gwaji. A mayar da fulogin cikin hularsa, a jingina ƙarfen jikinsa da ƙarfen injin inda babu fenti, a kunna makulli, a taka kik ana kallon bakinsa, in son samu ne a inuwa, domin hasken rana yakan ɓoye tartsatsi. Wuta lafiyayya shuɗiya ce mai kauri, tana faɗowa da ƙara ƙyas-ƙyas a kowane taki. Siririya mai ruwan ɗorawa wadda ke zuwa tana ɗaukewa abar tuhuma ce. A nan akwai gargaɗi biyu da bai halatta a yi sakaci da su ba. Kada a jingina fulogin dab da ramin da aka cire shi, domin turirin fetur yana fitowa ta nan kuma yana iya kamawa. Kuma kada a riƙe shi da tsirarar hannu, domin ko da yake wutar ba ta da yawan da za ta halaka lafiyayyen mutum, tana fizga fizgar da ba a mantawa, mai ciwon zuciya kuwa ya nisance ta ɗungum.

Akwai kuma wata mas'ala mai zurfi da takan ruɗi har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Wuta ta fi samun sauƙin tsalle a sarari fiye da cikin injin, domin iskar da aka matse takan yi mata turjiya ninkin ba ninkin. Saboda haka fulogi yana iya ƙyastawa a waje a gaban shaidu, a mayar da shi ciki ya yi gum. Hanyar warware wannan shubuha ita ce a murɗe hular daga jikin wayar mai kauri, a riƙe wayar da filaya mai hannun roba, a bar tazarar kimanin milimita 6 tsakanin bakinta da injin, a taka kik. In wuta ta ƙetare wannan tazara da ƙarfi, to duk abin da ke bayan wayar ya kuɓuta daga zargi, laifin ya tsaya a kan hula ko fulogi. Ita hular tana da wani ɗan abu a cikinta mai rage ƙarfin wuta don kada ta dami rediyo, wanda mitar auna lantarki kan nuna kimanin om 5,000 in yana lafiya, kuma yakan ƙone ko ya yi tsatsa. Sau da yawa ma bakin wayar ne kawai ya ci, a datse kamar rabin gaɓar yatsa a sake murɗa hular, magana ta ƙare ba a kashe ko sisi ba. Gibin bakin fulogi kuwa a yawancin ƙananan babura tsakanin milimita 0.6 ne da 0.7, kuma yana ƙara faɗi da tsufa.

In wayar ma ba ta ba da komai ba, to kada a yi garajen zuwa kanti tukuna, domin akwai wani mai laifi da ke fakewa a wurin da ba a zato. Mutane da yawa suna tsammanin makulli ba wa injin wuta yake yi, alhali a irin baburan da CDI ɗinsu ke sha daga maganeto, kashe makulli haɗa wata waya yake yi da jikin babur don wutar ta zube ƙasa. Ma'ana, duk inda wannan waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ruwa ya shiga makullin, ko maɓallin kashewa na kan hannu ya cije da datti, to babur a kashe yake ko da makulli na nuna a kunne. Kamfanin Honda na ƙasar Japan, wanda ya fito da babur ɗin Super Cub a 1958, aka kuwa ƙera fiye da miliyan 100 nasa zuwa 2017, ya saba sa wa wannan waya launin baƙi mai ratsin fari, wayar komawa jiki kuma kore; da yake kuma da yawa daga baburan Sin da suka cika kasuwanninmu a kan zubin Honda aka yi su, galibi launukan sukan dace, ko da yake ba a rantsuwa a kan haka. Sai a zare baƙar wayar mai ratsin fari daga soket ɗin CDI a sake gwadawa. In wuta ta dawo, an kama ɓarawo. A tuna fa, a wannan hali makulli ba zai kashe injin ba, sai an mayar da wayar.

Ni kaina na sha wannan darasi da tsada. Na taɓa mallakar wani babur da ya ɗauki ɗabi'ar mutuwa ba sallama, yau a tsakiyar kasuwa, gobe a bakin mararraba, in an jima kuma ya tashi kamar ba shi ba. Wani saurayin makanike ya sa na sayi fulogi biyu, da kwayil, da CDI, kowanne da alkawarin cewa wannan karon an gama. Daga bisani na kai shi wurin wani dattijo mai gareji a gindin bishiyar darbejiya, wanda bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi irin na alƙali: yaushe yake mutuwa, da zafi ko da sanyi, a miƙe ko a kwana? Da na ce masa kamar dai in zan karya kwana ne, sai ya tayar da injin ya bar shi yana aiki, ya kama ƙahon babur ya karkata shi hagu har ƙarshe, injin ya ɗauke ɗif. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba a sayar da maganin wannan a kanti." Ya buɗe damin wayoyin da ke wuyan babur, ga baƙar wayar nan ta goge har tagulla ta bayyana. Da ɗan salatif ya naɗe ta, ya ƙi karɓar fiye da kuɗin goro.

Tambayoyin dattijon nan su ne rabin ilimin, domin lokacin da illa take bayyana yakan faɗi sunanta. Babur da ke tashi lafiya da safe, ya yi tafiyar rabin sa'a ya mutu, in ya huce ya sake tashi, galibi ɗaya daga cikin kwayil-kwayil ɗinsa ne ke da tsinkakkiyar waya a ciki, wadda zafi ke buɗewa sanyi ya mayar. Sai a gwada wuta nan take yana da zafi, kada a bari ya huce ya ɓoye laifinsa. Amma a lura, toshewar 'yar ƙofar iska ta murfin tanki ma tana kawo irin wannan alama, bambancin shi ne wannan da an buɗe murfin sai a ji iska ta shiga fuu, babur ya tashi. Wanda ke mutuwa da damina kaɗai, ko bayan an kai shi wanki, to a nemi tsaga a hula ko a wayar mai kauri, kuma in aka tayar da shi cikin duhu akan ga wutar tana tsalle a inda take zurarewa. Wanda kuwa yake da wuta shuɗiya, ga mai ga matsi, amma ya ƙi tashi, sai harbi ta salansa ko ya mayar da kik ya bugi ƙafa, to lokacin wutar ne ya goce. Akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke riƙe faifan maganeto a mazauninsa, in ya karye faifan ya zame, sai ishara ta riƙa zuwa ba a kan kari ba.

Sauran mazajen silsilar da mita ake tantance su, irin wadda masu gyaran rediyo ke riƙewa. A auna babban kwayil, da mai haifar da wuta, da mai ba da ishara, a gwada da adadin da littafin babur ɗin ya ambata. Wanda mita ta nuna a yanke yake, ko ya haɗe da jiki inda bai kamata ba, shi ne. Kafin nan ma a duba soket-soket ko sun yi kore da tsatsa, a kuma kankare wurin da kwayil ya damƙi firam, domin wutar da ba ta da hanyar komawa ba ta fita tun farko. Tsofaffin babura masu kwantak a maimakon CDI, irin su Vespa ta da, su nasu sauƙi ne: a goge bakin kwantak ɗin, a daidaita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, in kuma yana yawan ƙonewa a sauya kondensa.

Batun batir yana buƙatar tafsili, domin a kansa ake yawan jayayya a bakin gareji, kuma kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. CDI iri biyu ne. Akwai mai sha daga maganeto kai tsaye, wanda babur ɗinsa zai tashi da kik ko da an cire batir an ajiye a ɗaki. Akwai kuma mai sha daga batir, wanda in batir ya yi sanyi ko fis ya ƙone ba za a ga ko ƙyas ba. Su biyun sukan yi kama a ido, har soket ɗinsu yakan shiga na juna, amma ɗaya ba ya zama a madadin ɗaya, kuma sa wanda ba shi ba yana iya ƙona sabon a take.

Shi CDI, wanda kowa ke fara ambata, a haƙiƙa shi ne ya kamata a gurfanar a ƙarshe, domin a rufe yake ruf da ƙaro, mitar gareji ba ta iya ba da tabbatacciyar shaida a kansa, kuma ba a kama shi da laifi sai ta hanyar wanke duk sauran. In an kai nan, hanya mafi adalci ita ce a ari na wani babur irin naka sak wanda aka san yana aiki, a jona a gwada, in wuta ta zo sa'an nan a buɗe aljihu. Makaniken da ya ce ka sayo shi tun bai cire fulogi ba, kana da haƙƙin ka tambaye shi, cikin ladabi, hujjar da ya dogara a kanta.

Abin da zan roƙi mai babur shi ne ya ajiye sifanar fulogi da fulogi guda a ƙarƙashin kujera, wanda ya riga ya ɗaura ya ga injin ya tashi da shi, domin jabu sun yi yawa a kasuwa kuma sabo fil yana iya zuwa a mace. In za shi sayen wani, ya tafi da tsohon a aljihu ya gwada lambar da ke jikin farin tangaran ɗin harafi da harafi, ya kuma dubi tsawon zaren, domin wanda ya fi ƙima tsawo yana iya taɓa kan fistin. Wajen ɗaurawa kuma ya fara murɗawa da yatsu har ya zauna, sa'an nan ya ɗan ƙara da sifana, kuma in da hali ya bari injin ya huce tukuna.